Tabarmar Tsayuwar Gwaggo

Ranar addu'ar uku na gaji da jin kalma ɗaya. Duk wadda ta shigo gidanmu sai ta tuɓe takalmi, ta durƙusa gaban Inna, ta ce, "Allah ya jiƙan Gwaggo, mai haƙuri ce." Wata ta shigo, mai haƙuri ce. Liman ma da ya yi addu'a a zaure, muna jiyo shi daga ciki, da haƙurinta ya buɗe, da shi ya rufe. Na san haka ake faɗa wa kowane mamaci. Amma Gwaggo ba ta da haƙuri ko kaɗan, kuma da tana ji da ta ce a gyara maganar. Ni na gado ta a wannan halin, shi ya sa na ɗauki alƙalami tun kafin a mayar da ita wata tsohuwa mai sanyin murya da ba mu taɓa sani ba.

An cika gidan. Matan Lafagu sun taho a ƙasa tun da sassafe, na ƙetaren kogi sun biyo jirgin farko. Abin da na lura da shi, kusan kowace mace rigar da ke jikinta ɗinkin Gwaggo ce. Wata dattijuwa ta juya bakin hannun rigarta tana nuna wa ta kusa da ita, tana cewa, "Duba nan. Tun goyon yaron nan da ya yi aure bara, zare ɗaya bai saki ba." Wata Badandiya da ta zo daga bayan iyaka ta yi kuka da yarensu har ta gaji, sannan ta juyo da Hausa ta tambaye mu, "To yanzu wa zai auna mu?" Baba yana zaure, duk wanda ya yi masa gaisuwa abu ɗaya yake cewa: "Yayata ce. Ita ta goye ni."

Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta maɗinki ne, ya koyi sana'ar a ƙasar Faransa, wato inda Faransawa ke mulki can bayan garin Illo, ya dawo Bagudo da keken ɗinki da wani dogon tebur na yanka. Da ya rasu dangi suka ce a sayar. Ta ce ba inda keken zai je. Ta rufe ƙofa, ta lalata zannuwanta ɗaya bayan ɗaya tana koyo, har hannunta ya faɗa. A lokacin matar aure ba ta zuwa wurin maɗinki namiji a auna ta, sai dai ta aika da tsohuwar riga a kwatanta, a dawo mata da abin da ko ya matse ta ko ya yi mata buhu. Da Gwaggo ta buɗe ƙofa, mata suka samu inda za su tsaya a auna su kamar mutane.

Ba ta lallashin kowa. In mace ta ɗauke numfashi don cikinta ya shige, sai ta ce, "Saki cikin nan, ranar biki da shi za ki tafi." In aka kawo mata yadi maras kyau, a gaban mai shi take faɗa. Na taɓa gani wata mata da ruwa ya cinye gonar mijinta ta kawo zane ɗaya tilo a yi mata faci. Gwaggo ta yi ta yi mata faɗa a kan wanda ya sayar mata da wannan tsumma. Da matar ta dawo karɓa, ta tarar da zanen a ninke, a cikinsa riga da 'yan riguna na yara. Ta buɗe baki za ta yi godiya, Gwaggo ta tare ta: "Ƙyalle ne ya cika mani ɗaki. Ki taimake ni ki kwashe, ki ba ni wuri."

Kuma a tsaye take aiki. Ɗinki kaɗai ke zaunar da ita a kan keke, shi ma na ɗan lokaci. Awo, zanen alli, yanka, guga, duk a tsaye gaban dogon teburin nan. Maɗinkan kasuwa a ƙasa suke yanka, sun naɗe ƙafa. Ita ta ce in ta zauna ba ta ganin ƙarshen yadi, almakashi sai ya karkace. Tun hantsi har la'asar tana tsaye a kan daɓen ɗakin, ba ta taɓa cewa wash ba.

Sai shekarar mulkin kai. A shekarar Baba ya samu buɗi a fataucin busasshen kifi da albasa, ya sayo siminti. Bai fara da ɗakinsa ba, bai fara da na Inna ba. Ɗakin ɗinkin yayarsa ya sa aka fara fasa wa daɓe, aka zuba siminti aka goge shi sumul. Unguwa ta yi ta zuwa kallo. Yara suna kwanciya a kai don su ji sanyi. Gwaggo kanta ta ji daɗi, duk wadda ta shigo sai ta ce mata, "Auta ne ya yi mani." Auta take kiran Baba, ko a gaban abokan cinikinsa, da furfurarsa da komai.

Da na dawo hutu daga makarantar kwana na tarar da wata Gwaggo daban. Kafin azahar ta fara dafa tebur. Kafin la'asar ƙafafunta sun kumbura har zoben azurfar da ke yatsar ƙafarta ya nutse. Dugaduganta in ta taka da safe sai ta cije leɓe. Ga aiki ya taru a kan igiya kamar shanya, don kowace mace a garin tana son sabuwar riga ta bikin mulkin kai.

Baba ya duba, ya yanke hukunci: tsufa ne. Ya same ta a tsakar gida tana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ya durƙusa ya ce, "Yaya, kin yi iya yinki. Ki gama na bikin nan, sai a kai keken kasuwa. Na yi magana da wani maɗinki, zai riƙe shi. Ke ki huta, ni zan ɗauki komai naki."

Ta dube shi ta ce, "Turawan can sun tafi, na nan suna ɗaure kaya, kowa na miƙewa, ni ce za a ce in zauna?"

"Ƙafarki ce ta ce ki zauna, ba ni ba."

Ta san abin da ke cin ƙafarta. Ni ma na sani, don ba a buƙatar boko kafin a gane cewa ciwon da siminti suka shigo ɗakin tare. Amma ba ta iya faɗa. Kyautar ƙane ce, wadda duk gari ya zo ya gani ya sa albarka. Ta ce simintin ne, ta zubar masa da mutunci. Ta yi shiru, a ɗauke mata keke. Na jira ta yi magana, ba ta yi ba, sai na yi.

"Baba, ba tsufa ba ne. Simintinka ne."

Inna ta saki muciya. Baba ya juyo a hankali ya ce, "Abin da ake koya maku ke nan a makarantar? A yi alheri ku kira shi cuta?"

"Ni dai na ga lokacin daɓe ba ta kumburi."

"Rufe mana baki," in ji Gwaggo. "Wa ya sa da ke?"

Baba ya tashi ya fita, ya daina amsa gaisuwata har hutun ya yi nisa. Ko yau aka sake, haka zan faɗa. Da muka shiga ɗakin ɗinki Gwaggo ta ja mani kunne, sannan ta ce, "Gaskiya kika faɗa, sai dai bakinki ba shi da ƙofa. Simintin nan ba mai fasa shi. Abin da zan taka za mu nema. Kwaso mani duk shimfiɗar da ke gidan nan."

Muka fara da tabarmar kaba. Ta yi sirara, sanyin simintin na ratsa ta, kuma a kan sumul ɗin nan zamewa take. Ranar da ta kusa kifar da Gwaggo da dutsen guga cike da garwashi a hannu, ranar aka jefar da ita waje. Muka gwada buzu, ta ce ba za ta yini tana tattaka abin salla ba, kuma gashinsa na haɗiye allura. Buhun da aka ninka ya yi taushi da safe, kafin rana ta take ya kwanta ya zama kamar ba a shimfiɗa komai ba, ga shi bakinsa na harɗe yatsa. Dardumar Inna ta aure kuwa, ko taɓa ta ba mu yi ba, don Inna ta zauna a kai ta ce sai dai a ɗauke ta tare da ita.

"To sai Illo," in ji Gwaggo. "Can ake kawo tabarmin ƙasa biyu."

Ranar kasuwa muka ƙetare kogi, muka samu motar kaya ta ƙarasa da mu. A layin 'yan tabarma na ga abin da har yau in na tuna sai na yi dariya, ko da yake a ranar haushi ne ya cika ni. Mai tabarma na farko ya ga dattijuwa, ya warware mafi kyau a cikin kayansa ya shimfiɗa, ya ce, "Bismilla, Inna, zauna ki ji taushi."

Ta tuɓe takalmi, ta hau, ta tsaya.

Ya jira. Ba ta zauna ba. A wurinmu in an yi maka shimfiɗa ka ƙi zama, to da magana ka zo. Mutumin ya fara duban maƙwabtansa. Can ya sassauta murya ya ce, "Inna, ko na taɓa yi maki laifi ne ban sani ba?"

"Ban san ka ba ma."

"To ki zauna mana."

"Ba ta zama na zo saya ba. Ta tsayuwa nake so."

"Wace tabarma ce ta tsayuwa? Wagga ko sarki aka shimfiɗa wa ba ya ƙi."

"Sarki na yanka yadi?"

Mutane suka fara taruwa, wasu na zaton rigima ce. Ita kuwa ta tsaya abinta, ta karkata nan, ta karkata can, ta ɗaga dugadugi ta sauke. Ta murza tabarmar da ƙafa ta ga ko za ta gudu. Ta zaro allura daga bakin zane ta saki, ta ce in nemo. In na daɗe ina nema, ta sauka ta sa takalmi, mu yi gaba. Haka ta bi layin nan kaf. Wani Badande mai tabarmi masu rini ja da kore ya ce tasa daga bakin teku aka kawo ta. Ta hau ta sauka nan take, ta ce masa, "Wagga ta bangon amarya ce, ka rataye ta." Kafin mu kai ƙarshen layi labari ya riga mu, muna dosowa ana naɗe kaya ana cewa ga tsohuwar nan mai tsayuwa.

Ni yunwa ta ci ni, rana ta dake ni. Na ce, "Gwaggo, ki ɗauki biyu ki haɗa mu tafi."

"Biyu su zame a kan juna in karye, ke ki ɗinka wa matan garin?"

Hannu wofi muka baro Illo. A cikin motar ta zauna ta miƙe ƙafa. Na saci kallon ƙafafunta, sun cika takalmin sun tumbatsa. A nan ne tsoro ya kama ni. Na hango keken a rumfar kasuwa, wani ƙato na taka shi, Gwaggo kuma a gindin bango tana tsinke zogale, ana ce mata sannu.

A mashigi muka shiga jirgin wani tsoho wanda ya girme ta nesa ba kusa ba. Yana tsaye a ƙarshen jirgin da gorarsa, yana kafawa yana turawa. Muna tsakiyar ruwa Gwaggo ta ɗaga kai ta ce, "Malam, tun yaushe kake tsaye?"

"Tun asuba, baiwar Allah."

"Kullum?"

"In dai akwai mai ƙetarewa."

"Ƙafa fa?"

"Ƙafa lafiya lau. Kafaɗa ce ke ƙara."

Ba ta ƙara dubansa ba, ƙafafunsa ta zuba wa ido. A ƙarƙashinsu akwai wani abu baƙi, mai kauri kamar tafin hannu a tsaye, an kitsa shi da ciyawar bakin kogi, an ɗora kitso a kan kitso an ɗinke da igiyar kaba. Ba kyau, ba fasali. Da jirgin ya taɓa gaci kowa ya fita, ita ta nufi baya.

"Sauka in ji."

Tsohon ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Ya sauka. Ta hau ta tsaya. Ta karkata, ta murza, abin bai motsa ba. Ta saki allura, ga ta nan kwance a sama tana ƙyalli, don kitson ya matse ba inda za ta shige. Mutanen wancan gaci suna ta kiran jirgi, ita tana tsaye ta lumshe ido. Sai na ga kafaɗunta sun sauka.

"Wa ke yin wannan?"

"Dangin matata, can ƙasar Faransa. Sai ruwa ya janye suke yi."

"Ba ni da lokacin jiran ruwa. Wannan nake so."

"Baiwar Allah, wannan ai ta sha kifi."

"Ni ma na sha. Mi kake so a kanta?"

Ya sosa ƙeya ya ce matarsa ta daɗe tana son rigar keke. Gwaggo ta ce ta zo a auna ta, kuma kar ta ɗauke numfashi.

Ni na ɗauko abin nan a ka har gida, ƙudaje na rakiya, yaran unguwa na toshe hanci. Muka wanke da toka, muka shanya, muka turara. Gwaggo ta bi bakin da ƙyallen atamfa ta naɗe shi ya kwanta, don kar ya kama yatsa. Ƙarnin ya ragu, amma bai taɓa tafiya duka ba. In damina ta yi, ɗakin ɗinki sai ya riƙa tuna maka da mashigi.

Da Baba ya gani ransa ya ɓaci fiye da ranar da na yi magana. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, abin da masunta ke takawa, shi za ki ɗora a kan simintin? Mutane su ce me?"

"Su ce ina aiki."

"Maganata tana nan. Na riga na faɗa wa mutumin a gaban jama'a."

Ta ɗauki almakashi ta ci gaba da yanka. Kumburin ya fara sauka. Ta koma kaiwa la'asar ba dafa tebur. Igiyar nan da ta cika ta riƙa raguwa, har ranar bikin ta zo ba riga ko ɗaya da ta kwana a ɗakin. A filin gari 'yan makaranta na kaɗa tuta kore da fari, maroƙa na ta yi, ni kuwa mata nake kallo. Duk inda na juya hannun Gwaggo ne. Amma Baba bai ga wannan ba. Shi dai ya ba da magana, kuma a ganinsa taurin kai ne ke riƙe da ita, ba wata tsummar masunta ba.

Washegari da hantsi ya zo da ƙarti biyu masu ɗaukar kaya. Kafin ya iso Gwaggo ta sa na fitar da kujera da duk wani abin zama daga ɗakin, har ta keken. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar kullum, ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙe.

"Na ji, Auta," in ji ta. "Ku ɗauka. Amma aikin ƙarshe a keken nan naka ne. Ga farin yadi na ajiye maka tuntuni. Riƙe mani bakin nan in yanka."

Ba yadda zai ce a'a. Ya ce wa mutanen su jira a inuwa, ya kama bakin yadi, ƙafarsa tsirara a kan simintinsa. Ita tana kan tabarmarta.

Gwaggo da ke yanka riga kafin ruwan shayi ya tafasa, ranar ta auna kafaɗarsa ta sake aunawa. Ta zana alli ta goge. Ta ce yadin ya karkace, ya ja sosai. Ta tambaye shi lafiyar kowane abokin cinikinsa da sunan uwarsa. Ta ɗauko labarin shekarar da kogi ya shigo gari, yadda ta gudu da shi a baya yana tsala kuka. Yaya na magana ƙane ba ya tafiya, yaya na tsaye ba ya neman wurin zama, balle ma babu. Ni ina gefe ina hura garwashin guga, ina kallon ƙafafun Baba.

Da farko ya tsaya ƙyam. Can ya fara sauya ƙafa. Ya ɗaga ɗaya ya shafa ta a ƙwaurin ɗaya. Ya dafa ƙugu da hannun da ba ya riƙe da yadi. Inuwa ta gudu daga bakin ƙofa, ƙartin nan har sun yi barci a gindin itacen bedi. Gwaggo ta ce wuyan rigar bai yi mata ba, a sake.

Sai na ga babban yatsansa ya hau bakin tabarmar, inda aka naɗe da atamfa. Ya ɗan tsaya a nan kamar ba shi ba. Sannan tafin ƙafar duka ya bi. Gwaggo na yanka, ba ta ɗaga kai ba. Da ɗaya ƙafar ta biyo, sai ta ɗan gusa gefe ta ce, "Matso sosai, Auta. Akwai wuri."

Ya matso. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a kan tabarmar masunta, shi da furfurarsa, ita da almakashinta. Can ya leƙa waje ya ce wa mutanen, "Ku tashi ku tafi. Ku ce masa zan zo in yi masa bayani da kaina." Ya juyo, ya yi gyaran murya, ya ce, "Yaya, mai jirgin nan, yana da wata? Rumfar kifin ma na sa an yi mata siminti."

"Sai ruwa ya janye," in ji ta. "Saki yadin, na gama tun ɗazu."

Keken bai taɓa barin ɗakin ba. Ta ci gaba da aiki shekaru bayan haka, ta canza tabarma ta sake canzawa, duk daga hannun dangin matar tsohon nan, kuma ba wanda ya taɓa jin ta aibata simintin. In an tambaye ta sai ta ce yana da daɗin shara. A makon da ta rasu ma ta yanka rigar suna, a tsaye, tana yi wa mai jegon faɗa a kan yadin da mijinta ya sayo.

Allah ya gafarta mata kaifin harshenta, ya saka mata da kowane ɗinki da ta rufa wa wata asiri da shi. Ta daɗe a tsaye. Allah ya sa inda ta kwanta ya yi mata taushi.